Matar da Ke Juya Mama

Sunan da Mama ta laƙaba mata shi ya bi ta, har mutane suka manta da nata na ainihi. Bebiya. Ba kuwa bebiya ba ce. I'ina gare ta, irin wadda ke lafawa idan tana tare da mutum ɗaya, ta taso idan idanu suka yi mata yawa. A satin da Yaya, babban ɗan Mama, ya kawo ta gida a matsayin matarsa, Mama ta tara baƙi, aka zuba abinci, ta ce amarya ta yi musu addu'a. Yarinyar ta rufe ido, ta buɗe baki, ta kama kalmar farko, kalmar ta ƙi fita. Aka yi ta jira, cokula a hannu, abinci yana hucewa. Can Mama ta ce, "Amin. Allah ya ji, ko da mu ba mu ji ba. Ku ci, ɗana ya auro mana bebiya."

Aka yi dariya. Auta, ƙanwar Yaya, wadda a lokacin take sakandare, ta fi kowa darawa, kuma ita ta karɓi addu'ar ta kai ta ƙarshe ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

A gidan nan baki shi ne jari. Mama ta daɗe tana shugabancin zumuntar mata a coci, kuma idan ta durƙusa addu'a a ɗakinsu na hawan sama, mai gyaran takalmi da ke bakin titi yana iya cewa amin. Auta ta gado ta. Tun ba ta iya ɗaura zani ba ake ɗora ta a kan benci ta zubo ayoyi da ka, Mama tana gefe tana gyaɗa kai. Da ta tafi jami'a, ita ke jan addu'a a ƙungiyar ɗalibai masu bi. Mama takan ce wa mutane, "Biyu na haifa, amma wannan ce ta ɗauko ni."

Bebiya kuwa ba ta ɗauko kowa ba. Kakarta ce ta raine ta, wata tsohuwa mai wankau, a ɗaki ɗaya bayan tashar mota. Karatu bai yi nisa ba, don duk ranar da malami ya ce ta tashi ta karanta, aji yakan koma gidan kallo. Da kakar ta rasu sai ta shiga gidan burodi. Ta fara da wanke gwangwanaye da shafa musu mai, ta kai ga kwaɓi, daga nan ta kai ga tanda. A can Yaya ya gan ta, lokacin yana tuƙa motar raba burodi. Yakan ce abin da ya ja shi gare ta shi ne ita kaɗai ce a duniya ke barinsa ya kai ƙarshen maganarsa. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, damatsanta kamar na ɗan dako, ga tabon ƙuna jere a hannuwanta inda bakin tiren burodi mai zafi ya sha lasarta. Ko wanka ta yi, ƙanshin yis da na sukarin da ya ɗan kama ba ya barinta.

Allah bai ba su haihuwa ba. Sai ciwon ƙoda ya kama Yaya, ya yi ta fama har ya tafi. Ranar da aka dawo daga binne shi, falo cike da mutane, Mama ta dubi surukarta ta ce, da muryarta ta wa'azi, "Da ɗana ya auri mace mai addu'a, da yau yana raye." Bebiya ta ƙarasa wanke kofunan da ke gabanta, ta kife su, ta shiga ɗaki ta haɗa akwatinta. Ta kama haya kusa da wurin aikinta. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne ba ta canja coci ba. Duk Lahadi tana nan a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, tana motsa leɓe idan ana waƙa. In an tashi ta je ta rusuna ta gai da Mama, Mama ta amsa tana duban wani wuri.

Haka shekaru suka wuce. Auta ta gama jami'a ta dawo gida da takardarta a cikin leda, tana zaga ofisoshi ana ce mata ta dawo wani lokaci. Wata safiya ta tarar da Mama a ƙasan kicin, baki ya karkace, shayi ya malale har ƙarƙashin firji. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ɓarin dama ya tafi, magana ta bi shi. Matar da titi ke jin addu'arta ta koma daga gurnani sai ido.

Ranar da aka sallame su daga asibiti, nas ta ja Auta bakin gado ta nuna mata. "Kada ki bari ta daɗe a gefe ɗaya, musamman a kan bayanta. Ki lanƙwasa mata gwiwa, ki tsaya ta gabanta, ki jawo ta jikinki kamar za ki rungume ta, sai ki tokare bayan da filo. Ki duba fatar kullum. In kin ga ta yi ja, gyambo ne yake sallama."

Auta ta ce, "To." Ta haddace shi kamar yadda take haddace aya, kuma duk baƙon da ya zo dubiya sai ta karanto masa shi daga farko har ƙarshe, har ana yaba mata.

Sai dai zumuntar Mama tana da tata ƙa'idar, wadda Mama da kanta ta kafa: ba a furta ciwo. Ba wadda ke cewa ta shanye, sai dai a ce tana hutawa. An goge takalmanta na zuwa coci an ajiye a bakin gado, suna jiran ranar da za ta miƙe. Kafin matan su iso da yamma, Auta takan ɗaura mata ɗankwali, ta shafa mata hoda, ta kwantar da ita rigingine, hannuwa a kan mayafi, fuska tana duban ƙofa. Wadda aka juya wa bango ai ba ta karɓar baƙi. Haka ma take kwana ta tashi, don Auta takan ce bari ta gama addu'a tukuna kafin ta juya ta, in ta gama kuma sai ga shi lokacin abinci ya yi.

Wata rana bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ta buɗe, sai ga Bebiya, da burbushin fulawa a gira.

"Na zo," in ji ta.

"Na gani, Anti. Wurin wa?"

"Wurin Mama."

Auta ta ba ta hanya, ba don komai ba sai don ta ga abin da idon Mama zai yi. Ya kuwa yi. Idon ya kama da wuta, gurnani ya taso daga maƙogwaro. Bebiya ta rusuna ta gaishe ta kamar a ƙofar coci. Auta kuma, tunda baƙuwa ce, ta karanto mata umarnin nas. Bebiya ta saurara har ƙarshe, yadda ta saba. Sai ta ajiye jakarta, ta je ta wanke hannu, ta dawo ta lanƙwasa gwiwar Mama, ta tsaya ta gabanta, ta jawo ta jikinta.

Hannun Mama na hagu, mai rai, ya tashi ya sarƙafe wuyan Bebiya.

Auta tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Mama ba mai runguma ba ce. Ko ranar da Auta ta kawo takardar digiri, kafaɗarta kawai ta dafa ta yi addu'a. Ga shi yau ta cusa fuska a wuyan matar da ta kora, ta riƙe ta gam, har sai da aka tokare ta da filo sannan ta sake ta.

"Ya fara ja," in ji Bebiya, tana duban bayan. "Amma bai fashe ba. Kawo ruwan ɗumi."

Daga ranar, da ta tashi daga aiki gidan take yowa. Ta juya Mama, ta wanke ta, ta shafa mata mai a ƙugu da dugadugai, ta canja zanin gado ba tare da ta sauke ta ba, ta ja shi har sai babu ko tattara ɗaya. Kafin ta tafi ta sake juya ta. Ranar da ba ta aiki takan zo tun safe. Don kada ta riƙa tsayuwa a ƙofa in Auta ta fita neman aiki, aka ba ta mabuɗin Yaya, wanda ke rataye a ƙusa tun rasuwarsa. Ba ta hira. Iyakarta, "Mama, za mu juya," sai hannun nan ya tashi ya kama wuyanta.

Wutar idon Mama ta lafa a hankali. Auta ce ta fara lura, don ita ke zaune gefen gado tana karanta mata Maganar Allah. Da rana ta karkata, idon Mama yakan bar fuskarta ya koma ƙofa. Da takun nan mai nauyi ya taso daga matakala, sai numfashinta ya canja. Cokalin da take kawar wa kai a hannun Auta, shi take buɗe wa baki a hannun Bebiya. Rigar barcin Mama ta koma ƙanshin burodi. Har wani jan zane Auta ta gani a wuyan Bebiya, inda yatsun Mama ke sauka, ta kuwa dube shi kamar yadda ake duban sarƙar zinariya a wuyan wata.

Matan zumunta suna zuwa suna cewa, "Dubi yadda fatarta ta yi luf. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, Auta. Ci gaba." Auta tana cewa amin, abin yana ci mata rai. Ta sayo sabulu mai tsada. Ta ƙara tsawon addu'a, ta ƙara mata ƙarfi, musamman lokacin da Bebiya ke wankin, ta yadda Mama za ta san muryar wa ke kai ƙararta sama. Mama tana jin muryar, hannunta kuwa yana wuyan wata.

Wata rana Auta ta bi Bebiya kicin, inda take matse tawul.

"Anti, in tambaye ki mana."

"Tambayi, 'yar boko."

"Me kike nema a gidan nan? In gado ne, kin san gidan na haya ne."

"Takalman nan nake jira," in ji Bebiya. "Sai dai sun yi mini kaɗan."

"Da gaske nake yi. Kina sonta ne?"

Bebiya ta shanya tawul a kan igiya, ta daidaita bakinsa. "A'a."

Auta ta yi tsammanin kewaye-kewaye, ba wannan ba. "To me ya kawo ki?"

"Fasto ne ya yi wa'azi a kan wanda ya cuce ka. Ya ce Ubangiji bai ce ka je ka yi nazari ba, cewa ya yi ka yi masa alheri. Na rufe ido ina neman maƙiyi mai sauƙi. Na gwada mai gidan hayata, na gwada ogana. Fuska ɗaya ta yi ta zuwa. Na je na kwanta na tashi, tana nan."

"Amma zuciyarki fa? Aikin da babu ƙauna a ciki ai banza ne."

"Ke kika yi karatu, ke kika sani. Ni dai na baro zuciyar a hanya, in ta ga dama ta iso. Fatar Mama ba za ta jira ta ba."

Abin da Auta ta ji ya wuce fushi. Ita tana son uwarta son da ke hana ta cin abinci, kuma abin da ta samu shi ne ido mai duban ƙofa. Wannan kuwa ta faɗa da bakinta cewa ba ta sonta, amma ita ke tafiya gida da zanen yatsun Mama a wuya.

Kashegari Auta ta je wurin Matar Fasto. Ba ta yi ƙarya ba, ta dai san inda za ta fara da inda za ta tsaya. Ta ce matar nan ta furta cewa ba ta ƙaunar Mama. Ta ce hannun da ke ɗauke da ɗaci ba ya kawo waraka, ƙila ma shi ya sa har yau Mama ba ta miƙe ba. Ta kawo ayoyi, suka zauna daram.

Matar Fasto ta daɗe tana juya zoben hannunta. "Maganarki tana da ƙafa, 'yata. Amma jinya ba wasa ba ce. Za ki iya ke kaɗai?"

"Uwata ce."

"Haka ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Da yamma Auta ta tare Bebiya a bakin ƙofa, ba ta bari ta shigo ba. Ta shirya doguwar magana, da godiya a farko da addu'a a ƙarshe, ta kuwa zubo ta duka. Bebiya ta saurara har ƙarshe. Ta ciro mabuɗi daga jaka ta miƙa mata.

"Ke ce 'yarta," in ji ta. "K-kada dai ki bar ta a kan bayanta."

"Ni na faɗa miki wannan, Anti."

"Ke kika faɗa."

Takun ya sauka matakala. Daga ɗaki Mama ta yi wani gurnani mai tsawo, Auta ta shiga ta rera mata waƙa har ta yi shiru.

Washegari Auta ta tashi da niyya. Ta wanke hannu, ta lanƙwasa gwiwar Mama, ta tsaya ta gabanta, ta sunkuya. Sai warin ya doke ta, warin jikin da ya kwana a wuri ɗaya, ga yawu yana dalala ta gefen bakin da ya karkace. In ta jawo ta, duk wannan a wuyanta zai sauka. Wannan ce matar da ba a taɓa gani babu ɗankwali ba, matar da Auta ke rawar jiki in ta ɗaga gira. Sai ta zagaya ta bayanta, ta sa tafin hannu biyu ta tura ta, tana kawar da kai. Mama ta sandare, ta yi kururuwa irin ta wanda ba shi da harshe, hannun hagu ya waiwayo ya bangaje Auta a ƙirji.

Auta ta ja da baya ta jingina da bango. Ita ake turewa. Waccan a rungume ta, ita a ture ta.

Ta sake gwadawa da rana, ta baya, aka sake ture ta. Daga nan ta gaya wa kanta cewa Mama ba ta son juyi, kuma ba a tilasta wa uwa. Ta koma ga abin da ta iya. Tana zare abin shimfiɗa daga ƙarƙashi da sauri, ido a rufin ɗaki, ta goge inda hannu ya kai. Tana ɗaura ɗankwali, tana shafa hoda, tana goge takalma. Ta shiga azumi. Muryarta ta dishe da addu'a. Umarnin nas yana nan a kanta, ba harafin da ya ɓace, yana zagaya mata ƙwaƙwalwa lokacin da take wanke-wanke, kuma kullum tana cewa gobe. Mama ta rage cin abinci. Da rana ta karkata, idon yana nan a ƙofa.

Ranar da zumunta ta sake zuwa, matan suka kewaye gado suka ɗauki waƙa. Mama tana kwance tsaf, fuska fes da hoda, sai gumi da ke tsattsafowa a goshinta. Ana tsakiyar waƙa wata dattijuwa ta miƙe a hankali ta buɗe taga. Wata ta ciro hankici. Ba wadda ta ce komai, tunda ba a furta ciwo. Sai a bakin matakala, bayan sauran sun sauka, Matar Fasto ta riƙo hannun Auta ta rage murya.

"'Yata, yaushe rabonki da ganin bayan mahaifiyarki?"

Auta ta buɗe baki. Karo na farko a rayuwarta kalma ta ƙi fita.

Ta koma ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ɗaga kafaɗar Mama kaɗan, ta leƙa. Zanin gadon ya manne da fata. Da ta ja shi, ya taho da abin da ya taho da shi. A ƙasan baya akwai rami, bakinsa baƙi, cikinsa yana ruwa. Mama ba ta ma ture ta ba wannan karon, hawaye kawai ke gangarowa yana zana hanya a cikin hoda.

Auta ba ta san lokacin da ta sauka matakala ba. Da silifas ɗin wanka ta isa gidan burodi.

Zafi ya fara tarbarta tun daga ƙofar baya. Injin kwaɓi yana ta ruri, buhunan fulawa jibge har rufi, maza suna jefa wa juna gwangwanaye. Bebiya tana gaban tanda da tsumma a hannu biyu, tana zaro tire ta juya shi ta mayar, don ɓangaren da ke ciki ya fi cin wuta.

"Anti."

Bebiya ta dubi fuskarta, ta dubi silifas ɗin. "Ya fashe?"

Auta ta gyaɗa kai.

"Zauna kan buhun can. In na bar wannan zai ƙone."

Auta ta zauna. Ta so a zage ta. Ta so a ce mata ai ga irinta nan, don ta samu abin da za ta riƙe ta yi kuka. Bebiya ta zaro tiren ƙarshe, ta kife gwangwanaye, ta gaya wa ogansu magana a kunne, ta cire rigar aiki. A hanya ta tsaya a shagon magani ta karɓi auduga da bandeji, ta leƙa ƙaramin asibitin unguwa ta roƙi nas ta biyo su in ta samu sarari. Ko a nan Auta ta ji hassadar tana motsi. Ko tafiyar matar ba irin tata ba ce, ƙafa tana sauka inda aka aike ta.

Da takun ya taso daga matakala, suka ji gurnanin Mama tun kafin a buɗe ƙofa. Hannun hagu ya riga ya tashi sama yana jira. Bebiya ta gaishe ta, ta wanke hannu, ta janye gadon daga jikin bango, ta shige ta baya.

"Ke za ki riƙe, ni in wanke," in ji ta. "Hannuna biyu ne kacal."

"Ture ni za ta yi."

"Ta ina kike juya ta?"

Auta ta nuna bayan Mama da hannu.

"Autar Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsaya ta gabanta. Karanto mini abin da nas ta ce."

"A lanƙwasa gwiwa. A tsaya ta gaba. A jawo ta jiki kamar..."

"To."

Auta ta sunkuya. Ta sa hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ta rufe ido, ta jawo. Nauyin uwarta ya taho mata gaba ɗaya, da warinsa da zafinsa, yawu ya jiƙa mata wuyan riga. Hannun hagu ya sarƙafe wuyanta.

Ba haka ta zata ba. Riƙon ba shi da taushi ko kaɗan. Farata ne suka nutse mata a fata, zuciyar Mama tana bugawa a ƙirjinta kamar ta tsuntsun da aka kama.

"Tsoron faɗuwa take ji," in ji Bebiya daga baya, tana jiƙa auduga. "Ba ta jin rabin jikinta, gani take za ta zube ƙasa. Duk wanda ya tsaya nan shi za ta kama, ko Fasto ne. Akwai ranar da ta kusa cire mini kunne."

Auta ta so ta yi dariya, ta so ta yi kuka, ba ta yi ko ɗaya ba, don in ta motsa Mama za ta zame. Wannan ne abin da ta kori mutum a kansa. Yana nan tun ranar farko, a bakin gado, ba wanda ya hana ta tsayawa a wurin.

"Riƙe ta da kyau, zai yi zafi. Mama, yi haƙuri."

Mama ta ƙanƙame ta har sai da Auta ta ga duhu-duhu. Ta ji bakinta yana motsi a kunnen uwarta, ba aya ba, ba addu'a mai kai da ƙafa ba, sai "Ina nan, Mama, ina nan," kamar mai i'ina. Da ta buɗe ido, ta ga idon Mama dab da nata. Ba ita yake kallo ba. Ya karkata can gefe iyakar ƙarfinsa, yana neman wadda ke bayansa.

Gyambon ya daɗe bai rufe ba. Nas ta yi ta zuwa tana yanke mataccen nama, ba ta ce wa Auta komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Har yanzu akwai tabo mai zurfi a wurin, kuma har yanzu in Auta ta tuna yadda zanin nan ya taho, sai ta nemi wurin zama. Mabuɗin Yaya ya koma jakar Bebiya. Matan zumunta sun koyi yin waƙa ga wadda wata rana take fuskantarsu, wata rana take ba su baya. Takalman suna nan a bakin gado, sai dai an tura su ciki kaɗan don kada mai juyi ta yi tuntuɓe.

Bebiya tana nan a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Ba ta taɓa tashi ba da shaida ba, ba kuma wanda ya ji ta ce zuciyar ta iso. Da rana ta karkata, idon Mama yana barin fuskar Auta ya koma ƙofa, kuma abin yana sukar Auta a wuri ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari, kamar ranar farko. Ta yi addu'a a kai, bai tafi ba. Takan miƙe ta ɗora ruwan ɗumi.

Bebiya takan shigo da fulawa a gira, ta ajiye jaka, ta dubi gado.

"An juya ta?"

"An juya, Anti."

"Da baki ko da hannu?"

Auta ta ja wuyan rigarta gefe, ta nuna mata inda farata suka sauka.